Rawar ƙauye a bakin fiyano: yadda kunnuwan Sabo suka ji Kocsis

Mako biyu ke nan ana tafka wata muhawara a teburin mai shayin da ke bayan layin teloli, kuma har yau ba ta lafa ba. A kan wani kiɗa ne na kamar minti biyar, wanda wani ɗanmu da ke karatun kiɗa a Jami'ar Ibadan ya kunna a wayarsa wani dare bayan an ci abinci. Da aka tambaye shi mene ne wannan, sai ya ce raye-rayen ƙauyen Romaniya ne guda shida, Bela Bartok ya tsara su don fiyano, wanda yake kaɗawa kuma Zoltan Kocsis ne, ana kiran sunan Kocish. Kafin ya rufe baki wani dattijo ya ce, "Rawa? To wa zai taka wannan?" Daga nan zance ya tashi. Mun zauna da su dare uku muna sauraro, mun kai kiɗan cikin gida mata sun ji, mun tattara abin da kowa ya faɗa. Ga shi nan, tare da namu hukuncin.

Bari mu fara raba gardama a kan kalmar fiyano. Mu nan in an ce fiyano, abin da ke faɗo mana shi ne allon Yamaha na yaran situdiyo, wanda ake sa wa wuta ya yi maka ganga, ya yi algaita, ya yi tafi. Wanda ake magana a nan babban akwatin katako ne mai maɓallai 88. A cikinsa akwai tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200, duk maɓallin da ka danna sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiya. Ba ya buƙatar lantarki, kuma ba ya yi wa kowa kiɗa da kansa. Nauyin yatsanka da saurinsa su ne kaɗai ke fitar da sauti. Saboda haka mutum biyu za su kaɗa abu ɗaya daga takarda ɗaya, amma ka ji kamar ba uwa ɗaya ta haifi kiɗan ba.

An haifi Bartok a 1881 a wani gari da a lokacin yake ƙasar Hungari, yanzu kuma yana cikin Romaniya. Daga 1906 shi da abokinsa Zoltan Kodaly suka shiga ƙauyuka ɗauke da garmaho irin na Edison, wanda ke naɗar sauti a jikin gwangwanin kaki. Sukan sa manoma da makiyaya su yi waƙa ko busa a bakin ƙahon na'urar, in an koma gida a zauna a rubuta abin da aka ji ɗigo-ɗigo. Bartok ya tara dubban kaɗe-kaɗe ta wannan hanya, na mutanen Romaniya kaɗai sun haura 3,000. Har nahiyarmu ya zo: a 1913 ya je yankin Biskra a Aljeriya ya naɗi kiɗan mutanen can. A 1915, yaƙin duniya na farko ya hana shi yawo yadda ya saba, sai ya ɗauki kiɗa bakwai daga cikin waɗanda ya samo a Tiransilbaniya da kewayenta ya ɗinka su suka zama rawa shida. Shekara guda bayan haka, a 1916, aka kafa wannan unguwa tamu ta Sabo. Ke nan kiɗan sa'an unguwarmu ne.

Ta farko rawar sanda ce, wadda samari ke yi, kuma daga hannun masu gogen Turawa ya ji ta. Ta biyu rawar ɗamara, gajeriya ƙwarai. Ta uku sunanta na nufin rawa a wuri ɗaya, ba a matsawa, asalinta busar sarewa ce. Ta huɗu daga garin Bucium take. Ta biyar irin rawar da suke kira folka ce, takunta na sauyawa tsakanin biyu da uku. Ta shida kuwa gudu ce zalla, kiɗa biyu ne aka haɗe. Bartok bai taɓa asalin muryar kowane kiɗa ba. Abin da ya ƙara shi ne aikin hannun hagu, wato sautukan da ke ƙasa suna tallafe da muryar, kuma a nan ne baƙon ɗanɗanon zamaninsa ya shigo.

Shi kuwa Kocsis, an haife shi a Budapest a 1952, ya rasu a 2016. Ya naɗi dukkan abin da Bartok ya rubuta don fiyano kaɗai a kamfanin Philips, kuma yana cikin waɗanda suka tattara tsofaffin faya-fayen da Bartok ya kaɗa da hannunsa aka fitar da su a 1981, cikar shekara ɗari da haihuwarsa. Ke nan ba ɗan koyo muka sa a gaba ba. Mutum ne da ya kwana ya tashi da wannan kiɗa.

Wanda ya fi kowa zafi shi ne Baba mai kalangu, wanda duk wanda aka yi bikinsa a unguwar nan shekara talatin baya ya san hannunsa. Ya saurari ta farko idonsa a rufe, yana buga gwiwa da yatsa. Can sai ya buɗe ido ya ce, "Kai yaro, mutumin nan ba ya riƙe mai rawa. Dubi nan, ya ja, nan kuma ya saki. In da ƙafar mutum na sama, ina zai ajiye ta?" A ganinsa makaɗin rawa bawan ƙafa ne. Ko me za ka yi na gwaninta, sai ka yi shi a saman taku, takun kuwa ba ya motsi. Wanda ya taɓa taku ya kunyata mai rawa a gaban jama'a.

Ɗalibin ya amsa da ladabi. Ya ce, "Baba, ai ba don a taka aka yi ba, don a zauna a ji ne." Sai Baba ya ce to a canja masa suna mana, a daina kiransa rawa. Aka yi dariya, amma maganar ba ta wasa ba ce, kuma mun lura Bartok da kansa ya ba Baba hujja. A nazarinsa ya kasa kiɗan ƙauye gida biyu: mai bin tafiyar magana, wanda ke miƙewa yana taƙaitawa yadda mai waƙa ya ga dama, da mai tsayayyen taku, wanda jiki ke bi. Raye-raye a gida na biyu suke. Don haka duk makaɗin da ya mayar da su na farko ya ɓata.

Tambayar ita ce ko Kocsis ya yi hakan. A dare na biyu mun sake kunna rawar sanda, muka roƙi Baba ya bar hannun dama ya bi hannun hagu kawai. Ya bi, ya sake bi. Sai ya ce, "To, na ƙasan yana nan daram. Na saman ne ke yawo." Nan ne muka ga bakin zaren. Hannun hagun Kocsis yana dira kamar dugadugi a ƙasa, hannun dama kuma yana ɗan jinkiri ko ɗan riga shi, sannan su haɗu a ƙarshen jimla. Muka ce, Baba, ashe ba haka uban kiɗa yake yi a kan 'yan amshinsa ba? Ya yi shiru, sannan ya ce haka ne, amma shi uban kiɗa yana ganin mai rawa da idonsa, wannan kuwa takarda yake gani. Bai janye ba, sai dai ya rage farashi.

Telan da ke kusa da teburin ƙorafinsa daban ne. Shi cewa ya yi an yi masa rowa. Rawar ɗamara ba ta wuce rabin minti da 'yan daƙiƙoƙi ba, kafin ka gyara zama ta ƙare. "Wannan ai ɗanɗano ne, ba ci ba," in ji shi. Mun fahimce shi, domin mu mun saba da kiɗan da ke ɗaukar minti ashirin yana zagayawa, yana ƙara zafi a hankali har jiki ya ɗauka. A ƙauyen Romaniya ma haka ake yi, ana maimaita kiɗa har masu rawa su gaji. Amma wannan laifi, in laifi ne, ba na Kocsis ba ne. Bartok mutum ne mai rubuta tsawon lokacin kowane kiɗa a jikin takarda, kuma abin da ya ƙayyade wa duka shidan minti huɗu ne da ɗan abu. Makaɗa da yawa sukan ja su su daɗe, su sa musu zaƙi. Kocsis ba ya cikin masu ja. Ya yanka daidai awon mai kaya, telan kuwa ya fi kowa sanin darajar wannan.

Rawa ta uku ce ta raba mata da maza. A teburin shayi an wuce ta ba a ce komai ba, wani ma cewa ya yi kamar kukan sauro. A cikin gida kuwa, Hajiyar da ke sayar da tuwo ta sa aka maimaita mata ita sau huɗu. Muryar kiɗan tana can sama, siririya, a ƙasa kuma sauti ɗaya ne ke ta nanatawa ba ya gusawa. Ta ce, "Wannan makiyayi ne, kuma shi kaɗai ne a daji. Duk inda yake, na san shi." Ba wanda ya gaya mata asalinta sarewa ce. A nan muna tare da ita ɗari bisa ɗari. Kocsis ya kaɗa ta a hankali ƙwarai, bai cika ta da amo ba, 'yan ƙananan lanƙwashe-lanƙwashen muryar kuma sun fito kamar yatsa ne ke rawa a bakin ramin sarewa. Wuri mafi kyau a cikin faifan ke nan.

A dare na uku ɗalibin ya zo da abin da ya juya muhawarar. Gwangwanayen kakin da Bartok ya naɗa suna nan a ajiye a Budapest, an kuma juye su, duk mai waya yana iya ji. Muka ji ainihin mutanen ƙauyen, ta cikin ƙarar tsufan na'ura kamar ana suyar ƙosai. Abu biyu suka ba mu mamaki. Na farko, sautinsu ba ya zama daidai kan maɓallan fiyano. Mai goge yana zamewa daga sauti zuwa sauti, yana tsayawa a tsakani, yadda namu masu goge da kukuma ke yi. Fiyano ba ya da wannan tsakanin, daga wannan maɓalli sai na gaba. Na biyu, rawa ta huɗu, wadda a hannun Kocsis ta fito a natse kamar mai tuna wanda ya yi nisa, a ƙauye da sauri ake yin ta. Bartok ne ya rage mata gudu ya mayar da ita abin tunani.

Baba ya yi murmushin wanda ya ci shari'a. Ya ce, "Ka ji masu abin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi." Ɗalibin bai yi musu ba, sai ya kunna wani faifan na 1930, inda Bartok da kansa yake kan fiyano, Joseph Szigeti yana jan goge, suna kaɗa raye-rayen nan yadda Zoltan Szekely ya juya su don kayan kiɗa biyu. Duk wanda ya saurari hannun Bartok a tsofaffin faya-fayensa ya san ba ya bin takardarsa kamar soja. Yakan warware sautukan da aka rubuta a dunƙule ya buga su bi da bi, yakan ɗan ja ya ɗan saki. Ashe yawon da Baba ya kama Kocsis da shi gado ne, daga mai takardar ya ɗauko.

To ga namu ganin. Kuskuren da aka fara yi a teburin shi ne auna Kocsis da ma'aunin makaɗin biki. Abin da ke gabansa aikin Bartok ne, aikin Bartok kuwa mutum ne ya je ƙauye ya ji, ya dawo birni yana ba da labarin abin da ya ji da harshen da ya iya. A wannan ma'auni Kocsis ya yi abin yabo. Bai shafa wa kiɗan man da ba nasa ba. Makaɗa da dama in suka samu kiɗan talakawa sai su lulluɓe shi da amo, su sa shi kuka, kamar suna neman a tausaya masa. Kocsis ya bar shi a bushe, da ƙashinsa a waje, duk sauti ana jin inda ya fara da inda ya ƙare. Inda fiyano ya kasa zamewa irin ta goge, sai ya biya bashin da lokaci: ya ɗan makara a nan, ya ɗan ciza a can, kunne ya ji kamar an lanƙwasa sautin alhali ba a lanƙwasa ba. Wannan dabara ce ta wanda ya san gazawar kayan aikinsa.

Amma ba za mu sallami Baba hannu rabbana ba, domin a rawa biyu na ƙarshe muna ganin yana da gaskiya. Kocsis ya shige su da gudu da tsabta, yatsunsa ba su yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kuma mu a kunnenmu tsabtar ta yi yawa. A naɗin ƙauye kana jin nauyin mutum, kana jin hannun da ya yini yana aiki. A nan kuwa gwaninta ce ta fito gaba, sai ka koma kallon makaɗi ka manta da masu rawa. Sauyin taku na rawa ta biyar, biyu zuwa uku, wanda ya kamata ya ɗan fizgi mai sauraro, yana wucewa kafin ka ankara. Da ya ɗan sassauta kaɗan, da ƙafa ta samu wurin sauka. Wanda ya ce gudun shi ne abin da takarda ta nema bai yi ƙarya ba, sai dai mu abin da kunne ya ji muke faɗa.

Akwai kuma wata magana da wani malamin makaranta ya kawo, wadda ta fi batun sauri nauyi. Ya ce sunan Bartok ne a jikin faifai, sunan Kocsis ne a jikin faifai, to ina sunan mai sarewar? Gaskiya ne, a zauren da ake kaɗa wannan kiɗa ba a ambaton mutanen da aka ji shi a bakinsu, kuma kuɗin bugawa ba ƙauyensu ya tafi ba. Sai dai adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Bartok bai ɓoye inda ya samo ba. Ya rubuta sunan garin da kowane kiɗa ya fito, ya sadaukar da aikin ga Ion Busitia, malamin makaranta ɗan Romaniya a garin Beius wanda ya taimake shi a yawonsa. Ya kuma sha zagi a gida: bayan yarjejeniyar Trianon ta 1920 ta tabbatar wa Romaniya da Tiransilbaniya, masu zafin kishin ƙasa a Hungari sun zarge shi da rashin kishi saboda hidimar da ya yi wa kiɗan maƙwabta. Ya bar ƙasarsa a 1940, ya rasu a New York a 1945. Ba don gwangwanayensa ba, da babu abin da za mu kunna a dare na uku mu ce ga masu abin.

Wannan hanya tasa ta iso har ƙasar nan. Marigayi Akin Euba, wanda aka haifa a Legas a 1935 ya rasu a 2020, ya yi dogon nazari a kan gangar dundun ta maƙwabtanmu Yarabawa, 'yar'uwar kalangu, ya kuma yi ta kira da a sa fiyano ya yi magana irin ta gangunan Afirka. Yana cikin masu ɗaukar Bartok a matsayin abin koyi: ka fara zama almajirin masu kiɗan, sannan ka rubuta.

A nan ne abin ya taɓa mu. Mu ma muna da tamu rigimar fiyano. Yau in ana biki a Sabo, mai kwamfuta da lasifika ake kira, waƙoƙin situdiyo ake sawa, kalangun da ke ciki ma maɓalli ne aka danna. Baba ya ce rabon da a kira shi biki tun kafin azumin bara. Yaranmu da aka haifa a nan sun fi sanin fuji da afrobit, wasunsu ba su taɓa ganin ana matse kalangu a hammata yana kiran sunan mutum ba. Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Barmani Coge sun ci sa'a, an naɗe su. Amma makaɗan unguwa irin su Baba, waɗanda suka san taken mahauta da na 'yan goro da na kowane gida a nan, babu mai faifansu. Bartok ya yi yawo da na'ura mai nauyi da gwangwanin da ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci. Mu kowa na da na'urar da ta fi tasa sau dubu a aljihu, muna ɗaukar hoton abinci da ita.

Shawararmu ga masu karatu biyu ce. Ku nemi raye-rayen nan ku ji, ku fara da na ƙauye, sannan na Kocsis, kada ku tsaya a ji ɗaya domin a na farko gajartarsa kawai za ku gani. Ku kula da ta uku da ta huɗu. In kun ƙi su bayan haka, kun ƙi da hujja. Ta biyu kuma ga samarinmu: ku je wurin tsofaffin makaɗanmu da izininsu da ɗan abin goro, ku naɗa, ku rubuta sunan mai kiɗa da garin da ya fito da sunan taken da wanda ake yi wa shi da ranar da aka ɗauka. Ku bar musu kwafi.

Ɗalibin ya riga ya fara. Ya ce yana so wata rana ya gwada sa ɗaya daga cikin taken Baba a fiyano. Baba ya ce ya amince, da sharaɗi biyu: a rubuta sunansa a sama, kuma in an gama a kawo masa ya ji. "In ƙafata ba ta motsa ba," in ji shi, "ka koma ka sake."